Tattabarar Mai Hasumiya

Ni 'yar maharbi ce, sai Allah ya haɗa ni aure da mutumin da ko kaza zai yanka sai ya ɓata rabin safiya yana wasa wuƙa. Malam, maigidana, mutumin littafi ne. Ya san babin farauta a fiƙihu daga farko har ƙarshe, zai gaya maka hukuncin abin da kare ya kamo da wanda kibiya ta kayar, amma bai taɓa fige tsuntsu da hannunsa ba. Karatunsa ne ya kai mu Alƙahira. Muka zauna can saman wani bene a Giza, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai shanyar maƙwabta da kwanukan tauraron ɗan'adam.

A wannan gidan babban ɗana ya girma. Ya zo yana ƙarami, ya tashi da Larabcin Misira a bakinsa, har in yana faɗa da 'yan unguwa ba ka bambanta muryarsa da tasu. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron ya kai shekara goma sha biyar bai san gero a tsaye ba. Ni da na tashi ina bin Baba gona, ina riƙe masa burgami, ga ɗana ba abin da ya sani sai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da wasan harbi a waya. Nakan ba shi labarin hasbiya da kurciya, yadda suke sauka a gona bayan girbi, yadda Baba kan lallaɓa ya kayar da su mu yi romo. Yana saurare kamar ina ba shi tatsuniya.

Wani abokin karatun Malam, Bamisire, mahaifinsa na da gona a wani ƙauye bayan Giza. Hajji muke ce wa tsohon. Ya gayyace mu wata Juma'a cin abinci, daga nan zuwa ya zama jiki. Gonar ba ta da girma, alkama ce da ciyawar dabbobi da 'yan itatuwan dabino, ga ƙoramar ban-ruwa ta bi ta gefe. Ɓeraye sun addabe shi a ɗakin hatsi, gwara kuma ta hana alkamar sakat. Wata rana yana ƙorafi ya ce da yana da idon ƙuruciya da ya sayi bindigar iska, irin wadda ake karyawa a saka mata 'yar ƙwayar dalma. Na ga idon yarona ya yi haske. Tun a hanyar komawa gida ya fara roƙon a saya masa ita, ni kuwa na san an gama.

Malam ya ce sam. Shekarar dubu biyu da goma sha huɗu ce, gari bai kwanta ba, ko ina shingen bincike. Mu baƙi ne, zamanmu duk a kan iƙama yake, wato izinin zama da ake sabuntawa, kuma saura kaɗan ya kare kundin digirinsa na uku, abin da ya ci masa shekaru da gashin kai. Ya ce, “Ke kin san in aka rubuta sunan yaron nan a ofishin 'yan sanda tare da kalmar bindiga, khalas, shi ke nan, mun gama zama a ƙasar nan? Ba wanda zai tsaya tambayar ta iska ce ko ta wuta.”

Na ce, “To Malam, a tambaya mana. Kai da ka ce ba a aikata abu sai an san hukuncinsa, sai a je a san hukuncin.”

Da makaminsa na kama shi. Ya ɗauki yaron suka tafi Wustul Balad, wato tsakiyar birnin Alƙahira, wani shagon kayan farauta da kamun kifi. Mai shagon ya ce musu a lokacin irin wannan ƙaramar ba a neman mata lasisi kamar ta wuta, amma shi ba ya miƙa ta ga yaro, uba zai saya, uba ne mai ita. Malam bai gamsu ba, ya je wurin wani ɗan Nijar da ke karatun shari'a a jami'a. Shi kuma ya ce kada yaro ya taɓa ta sai a gonar da mai ita ya ba da izini, da babba a tsaye a kansa, kada dalma ta tsallake iyaka ko ta nufi hanya, kuma duk ɓarnar da ta yi uban za a kama. Ya ƙara da cewa, “Malam, abin da ke littafi daban, abin da sojan da ke bakin shinge zai gani daban. Kada ku riƙa yawo da ita a mota.” Don haka aka kai ta gidan Hajji sau ɗaya, a cikin kwalinta, can ta zauna a kulle a ɗakinsa.

Yaron nan ya riƙe ƙa'idojin kamar karatun allo. Ba ya saka dalma sai ya tsaya inda zai yi harbi. In zai tsallake ƙorama sai ya karya bindigar ya rataya a hannu. In ƙanwarsa ta gifta ko daga nesa ne, sai ya sauke bakin ƙasa ya jira. Ba ya harbi ta ɓangaren hanya ko da gwara ta yi dafifi a can tana masa gwalo. Babban da ke tsaye a kansa kuwa Malam ne, a zaune gindin dabino da littafi a cinya, yana ɗaga kai lokaci-lokaci ya ce, “A dai yi bismillah.” Ni ce ke nuna masa yadda ake riƙe numfashi kafin a taɓa kunama, yadda na ga Baba yana yi. Cikin 'yan makonni ɓerayen ɗakin hatsi suka gane an yi baƙo. Hajji ya riƙa nuna shi ga maƙwabta yana cewa ɗansa ne na Nijeriya. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake, ina ta ɓoyewa.

Can bayan gonar, tsallaken ƙorama, akwai wasu dogayen gine-ginen laka masu tsini kamar hasumiya, jikinsu duk ramuka. Mun sha ganinsu. Na san na tattabaru ne, amma a raina tattabarar gida ita ce irin tamu, fara ko mai roɗi-roɗi, wadda ke shawagi a saman gida ta dawo tukunyarta a ba ta dawa. Toka-tokar da ke sauka a gona garke guda tana kiwon kanta, wannan a wurinmu ta daji ce, ta wanda Allah ya ba. Hajji bai taɓa ce mana komai a kansu ba, don a ƙauyen ko yaron goye ya san duk wata mai launin toka da ke yawo a sararin nan daga hasumiyar wani ta fito, kuma can za ta kwana. Bai zo masa a rai cewa akwai mai hankalin da bai san haka ba.

Ranar da abin ya faru an gama yankan alkama, gona ta yi fili. Da hantsi garken ya sauka a tsakiyar gonar Hajji, nesa da iyaka, nesa da hanya. Ina zaune da matar Hajji muna gyaran ganyen miya, na ga yaron ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Tas! Garken ya tashi, ɗaya ta rage tana bugun ƙasa. Ya karya bindigar ya ajiye, ya ruga ya yanka ta da 'yar wuƙarsa, ya taho da ita riƙe a fukafuki, baki har kunne.

“Umma, ga hasbiyarki!”

Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Sai na ga matar Hajji ta saki ganyen ta dafe ƙirji. Hajji ya fito daga ɗakinsa, ya dubi tsuntsuwar, ya dubi tsallaken ƙorama, fuskarsa ta sauya. Ya ce a hankali, “Ya ɗana, wannan tana da mai ita.”

Mai itan kuwa har ya taho. Yana cikin gonarsa ya ga garkensa ya watse, ya ga ɗaya ta faɗi. Ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, ya tattare jallabiya da hannu ɗaya ya tsallake ƙoramar yana zuba faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ashe sun daɗe ba sa ga-maciji da Hajji a kan rabon ruwa. Da ya ga baƙaƙen fata da bindiga a ƙasa, sai ya samu abin da yake nema. Ya ce baƙi da makami a ƙauye, a irin wannan lokaci? Yanzun nan zai kira 'yan sanda. Ya zaro waya.

Na dubi Malam, littafin ya zame daga cinyarsa bai ma sani ba.

Mutane suka taru, aka yi ta “ma'alish, ma'alish”, wato a yi haƙuri, ana riƙe masa hannu. Da ƙyar wani dattijo ya shawo kansa ya yarda a fara zuwa wurin umda, dagacin ƙauyen, bayan la'asar. In bai gamsu ba, ya ce, daga can ofishin 'yan sanda zai wuce.

Tsakanin azahar da la'asar ba wanda ya iya cin abinci. Hajji ya mayar da bindigar ɗaki ya kulle, ya zo ya zauna kusa da Malam. Ya ce mutumin daga nesa yake, ya ga faɗuwar tsuntsuwa amma bai ga wanda ya harba ba. “Zan ce ni ne. Ni ɗan gari ne, iyaka a yi mini faɗa in ba da haƙuri. Ku kuwa in maganar ta fita daga ƙauyen nan, ba ku san inda za ta tsaya ba. Yaro ya yi shiru kawai.”

Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutumin da ke tara ɗalibai a falonmu yana karanta musu babin gaskiya, ga shi an ɗora masa shekarun karatunsa duka a faranti ɗaya, gaskiyar a ɗaya. Na ga leɓɓansa na motsi, ban san ko addu'a yake ko lissafi ba. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Ni kaina ina tunanin kayanmu a ɗaure a filin jirgi, da makarantar yaran, da yadda za mu shiga gida a ce an koro mu. Yaron yana zaune a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa, tattabarar na gefensa a kan ganyen dabino.

Gidan umda na da babban zaure da kujeru jere a jikin bango. Maza suka shiga. Mu mata aka kai mu ɗakin da ke manne da shi, ƙofar a ɗan buɗe, labule ne kawai tsakani. Matar umda ta miƙo mini shayi, na riƙe har ya huce. Ta gefen labulen ina hango rabin zauren: umda, wani siririn tsoho mai farin rawani, da Hajji, da ƙeyar ɗana.

Mai hasumiya ya fara. Ya yi ta yi, ya haɗa da maganar ruwa ta shekarun baya, umda ya dawo da shi kan hanya. Aka ajiye tattabarar a kan tebur. Umda ya ce, “Wa ya harbe ta?”

Hajji ya gyara zama ya ce, “Ni ne, ya umda. Idona ya tsufa, na ɗauka kurciya ce.”

Mai hasumiya kuwa ba shi da shaidar da zai ƙaryata shi. Na saki numfashi, a raina na ce shi ke nan, mun tsira. Sai na ga ƙeyar nan ta ɗaga. Ya miƙe tsaye.

“Ya umda, a gafarce ni. Hajji yana so ya rufa mini asiri ne. Ni na harba.”

Kofin shayin ya karkace a hannuna ya zube mini a zane. Na ji kamar in yaye labulen in finciko shi in toshe masa baki. A lokaci guda kuma wani alfahari ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da ya sauke Alƙur'ani. Tsoro da alfahari suka haɗu suka hana ni motsi.

Umda ya juya gare shi. Ya ce, “Shekarunka nawa?”

“Goma sha biyar.”

“Bindigar ta wace ce?”

Kafin yaron ya amsa, na ji muryar Malam, a sarari. “Tawa ce, ya umda. Ni na saya, ni ne kuma nake zaune a wurin sa'ad da ya harba. In akwai abin kamawa, ni za a kama.” Ya tashi ya tsaya kusa da ɗansa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin tsawonsa kamar ranar ba.

Umda ya ci gaba da tambayar yaron, shi kuma yana amsawa da Larabcin nan nasa na 'yan unguwa, ba in-ina. Da izinin wa? Da izinin Hajji, a cikin gonarsa. Ina ka fuskanta? Wajen ɗakin hatsi, bayana na ga hanya. Ina bindigar yanzu? A kulle a ɗakin Hajji, ba dalma a cikinta, ba ta taɓa fita daga gonar ba. To me ya kai ka harbin tattabarar mutane?

Ya ce, “A ƙasarmu mai wannan launin ta daji ce. Ban san tana da mai ita ba. Da na sani ko kallonta ba zan yi ba. Amma rashin sanina bai dawo masa da ita ba.”

Wani daga cikin dattawan ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Mai hasumiya ya daka masa harara, ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, yaro ne da bindiga, kuma ga Hajji an kama shi da ƙarya a gaban jama'a. Na ga Hajji ya sunkuyar da kai, raina ya ɓaci ƙwarai, don tsohon saboda mu ya zubar da girmansa.

Umda ya ɗaga hannu. Ya ce wa mai hasumiya, “Kai ka zo neman wanda ya kashe maka tsuntsuwa. An ba ka wanda bai kashe ba, ba ka da yadda za ka yi, da haka za ka tafi. Yaron nan ne ya miƙo maka kansa. In ka kai shi wurin 'yan sanda, gobe wane yaro ne a ƙauyen nan zai sake tashi ya ce ni ne?” Sannan ya yanke hukunci. Za a kawo tattabaru masu rai a zuba a hasumiya a madadin wadda ta mutu. Bindiga za a kawo ta gidansa ya ajiye, yaro ba zai sake taɓa ta ba sai ya cika shekarun manya. Maganar kuma ta mutu a zauren nan.

Mai hasumiya ya yi ta huci, ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, bai samu wanda ya goya masa baya ba. Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce, “Khalas.”

A can in ƙarami ya yi wa babba laifi, kansa yake sumbata. Umda ya yi wa yaron nuni, ya je ya sumbaci kan mai hasumiya, ƙaton ya kawar da fuska yana gunaguni amma bai ture shi ba. Daga nan, ba wanda ya sa shi, sai ya juya ya nufi Hajji, ya durƙusa ya kama kan tsohon da hannu biyu ya sumbata, ya ce, “Ka yafe mini, ya Hajji, na kunyata ka.” Hajji ya rungume shi yana kuka yana zaginsa, yana cewa ɗan banza mai taurin kai. Matar umda ta dube ni ta ce, “Naki ne?” Na gyaɗa kai.

Bindigar ba mu sake ganinta ba. Malam ya kare kundinsa a shekarar da ta biyo baya, muka tattara muka dawo gida da ƙafarmu kafin yaron ya cika shekarun da umda ya ɗiba. Na san rabuwa da ita ta yi masa ciwo, don ya fi son ta da duk abin da ya taɓa mallaka, amma bai taɓa tayar da zancen ba.

Da muka fito daga gidan umda ran nan, rana ta yi sanyi. Muka bi gefen ƙorama zuwa bakin titi inda ake tsayar da ƙananan bas masu zuwa Giza. Malam na gaba da ƙaramar a hannu, yaron na binsa kai a sunkuye, yana jiran faɗan da zan yi masa, don ya san halina. Ni ma na shirya faɗan tsaf, na tanadi kalmomi masu zafi a kan yadda ya kusa jefa mu a rami. Na buɗe baki, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma cika kallonsa a gaban mutane. Tun da aka raɗa masa suna “kai” nake ce masa, ko “wannan yaron”. Amma a bakin titin nan, ƙura na tashi, masu bas na ihun “Giza, Giza, yalla”, sai na ji na kira shi da sunansa, cikakke, da ƙarfi.

Ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya duba cikin mutanen da ke jiran mota yana neman wanda ya san shi a ƙauyen. Sai da na sake kira sannan ya juyo ya gane daga bakina ne.